Yadda Ake Buɗe Wa Yaro Kai Da Abin Da Ke Tsakar Gida

Shekara 24 na yi ina riƙe da aji ɗaya a wata firamare a nan Argungu, kuma a makon farko na kowace sabuwar shekara ba na taɓa alli. Zama nake yi bakin tebur in riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa in yi masa tambaya iri guda: "Daga gida zuwa nan, me ka gani a hanya?" Akwai yarinyar da har yau nake tunawa, ɗiyar wata mai turara shinkafa, ko silifa babu a ƙafarta. Ta ce sun wuce mai ƙosai, ƙosan bai soyu ba saboda itacen jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi. Sun kuma ga jaki ya kwanta da buhuna, mai shi yana ta jibgarsa, "amma Malama, kayan ne sun yi mai yawa." Bayanta na kira wani yaro fes da shi, jaka sabuwa, robar ruwa a rataye. Ya dubi ƙasa. Na sake tambaya. Ya ce, "Ba komai."

Yaron nan ba dolo ba ne, don kafin shekara ta zagayo ya kamo ta a karatu. Ita dai ta tashi ana hira da ita, shi kuwa ya tashi ana ba shi umarni: zauna, tashi, ci, yi shiru. Ki lura da "saboda" da ta fito daga bakin yarinyar. Yaron da ya iya cewa "saboda" ya fara ɗaura abu da sanadinsa, kuma ita a gindin tukunyar uwarta ta tsinci wannan.

A kwalejin ilimi an karantar da mu wani masani ɗan Rasha mai suna Lev Vygotsky, wanda muka mayar "Bigoski" don bakinmu ya huta. An haife shi a 1896, tarin fuka ya yi ajalinsa a 1934 yana da shekara 37. Da bikin kamun kifinmu nake tuna shekarar rasuwarsa a jarrabawa, tunda a 1934 ɗin ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka shirya masa su. Maganar mutumin nan, in an tace ta, ita ce: kowane irin tunani sau biyu yake bayyana a rayuwar yaro. Da fari yana faruwa tsakaninsa da wani, a baki da hannu. Daga baya sai ya shige cikin kansa ya zama nasa. Lokacin muna ɗalibai haddace shi kawai muka yi don mu ci maki. Sai da na yi goyo, na kuma yi shekaru gaban yaran mutane, na gane abin da kakanninmu ke yi ne mutumin ya rubuta.

To ga yadda ni nake yi, da yadda nake faɗa wa iyayen da suka zo suna ce mini, "Malama, yaron nan kansa ba ya ja."

Ki fara da buɗe bakinki lokacin aiki. Ba sai kin ware lokaci ba, don na san ba ki da shi. Kina bakace shinkafa, yaro ɗan shekara uku yana tsugune gefenki yana kallo. Maimakon "matsa can kar ƙaiƙayi ya shiga idonka", ki ce, "Ka ga ƙaiƙayi yana tashi, tsaba tana dawowa cikin faifai? Me ya sa?" Ba zai sani ba. Ki zuba masa ƙaiƙayi a hannu ɗaya, tsaba a ɗayan, ki ce ya hura. A minti biyun nan ya koyi nauyi da rashin nauyi, ya koyi aikin iska, ya kuma koyi cewa abin da ido ya gani ana iya neman dalilinsa. Haka in kina jiƙa shanshera, ki bar shi ya ga wadda ta taso saman ruwa da wadda ta nutse, ki tambaye shi wacce ce mai ƙwaya a ciki. In kina kaɗa miyar kuka ki faɗi abin da kike yi da baki: yanzu daddawa, bayan ta dahu sai kuka, in na zuba da yawa lokaci ɗaya sai ta yi gudaji. "Kafin", "bayan", "in", "sai": waɗannan ƙananan kalmomi su ne igiyar da yaro zai riƙa ɗaure tunaninsa da ita.

Jariri ma haka. In ya yi gwalantu, ki amsa masa, ki dakata, ki bar shi ya mayar. Tun yana bayanki yake koyon cewa magana karɓa-karɓa ce.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi wuya, kuma a nan zan daɗe. Ayyukan da ke gaban yaro kashi uku ne. Akwai wanda ya iya shi kaɗai. Akwai wanda ko an taya shi ba zai iya ba tukuna. A tsakiya kuma akwai wanda ba zai iya shi kaɗai ba, amma da an ɗan riƙa masa sai ya yi. Wannan na tsakiyar shi Vygotsky ya fi mayar da hankali a kai, ya ce a nan koyo yake. In kin tsaya a kashin farko yaro ya gaji da ke, in kin jefa shi na ƙarshe ya tsani abin, ke kuma ki ce daƙiƙi ne.

Ni gora nake kawowa misali, don duk ɗan Argungu ya san ta. Ka je Matan Fada ka ga masu su, kowa da gorarsa da homarsa, ya kifa ciki bisa gora yana yawo kan ruwa. Yaron da ke koyon ruwa, gora ce ke riƙe shi ya samu ya koyi wutsil-wutsil da ƙafa ba tare da ya sha ruwa ba. Amma iyon shi yake yi, gorar ba ta yi masa. Kuma akwai ranar da za a ce ya sake ta ya iso gaɓa da hannunsa.

Aike shi ne gorar da ke hannun kowace uwa. Ɗan shekara uku ki aike shi cikin gida da abu ɗaya: ɗauko mini ludayi. In ya saba, ki mayar da shi biyu, kuma ki sa musu jeri: kai wa kakarka ruwa, sannan ka ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa. Ɗan shekara biyar ya isa kai saƙon baki maƙwabta. Kafin ya fita ki ce, "Maimaita mini, me za ka ce?" In ya dawo kar ki tsaya a "ka faɗa?", ki ce, "Ita me ta ce? Wa ka tarar a gidan?" Ɗan shida ko bakwai sai ki haɗa masa da kuɗi: ga naira 500, daddawa ta 200, gishiri na 100, nawa za a ba ka canji? Ku yi lissafin tare kafin ya fita, da tsakuwa ko da ƙwayar gyaɗa. Bayan mako biyu ki daina yi da shi, ki tambaya kawai. Bayan wata guda ko tambayar ki bari, ki miƙa kuɗi ki ga abin da zai dawo da shi.

Zai yi kuskure. Zai sayo daddawa ya manta gishiri, ko ya dawo da canji bai cika ba. Inda muke ɓata abin kenan, mu iyaye mata. Sai ranƙwashi, sai "kawo nan, ba ka iya komai ba", sai a aiki yayansa. Shi kenan an karɓe gorar an kuma fitar da shi daga ruwan. Abin da ya fi shi ne ki ce, "Abu nawa na ce? Ƙirga a yatsunka. Wanne ne babu?" Ki bar shi ya gano da kansa, ya koma. Tuwo zai yi jinkirin minti goma, na sani. Ni ma na sha karɓe aiki daga hannun 'ya'yana don sauri, ina malama ma kuwa, har sai da na lura ɗiyata ta biyu ta kai shekara tara ba ta iya ƙulla zariyar wandon ƙaninta ba, don kullum ni ke fizgewa in ƙulla.

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan. Malam ba shi ke biya wa kowane ƙolo ba. Babban almajiri ne zai zauna da ƙarami ya biya masa, ya ja baƙi yaro ya bi, har ranar da yaron zai ja shi kuma ya saurara, sai ya yi tuntuɓe a ɗora shi. Don haka in kina da manyan yara, ki sa su cikin aikin. Sau da yawa yaya ta fi uwa iya koya wa ƙanwa carafke ko ƙirga, don ita bara-bara ta koya, ba ta manta inda abin ke da wuya ba. Sai dai ki sa ido kar koyarwar ta koma mulki da duka.

Yanzu bari in taɓo abin da wasu ba za su so ba. Kunyar ɗan fari. Ni na yi ta yadda aka gada. Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, a gaban surukai kuwa ko kallonsa ba na yi, in yana kuka sai wata ta ɗauka ta miƙo mini. Al'ada ce mai kyau a wurinta, tana koya wa yarinya kamun kai. Amma al'adar da ta hana uwa wasa da ɗan fari, ita ce kuma ta tanadar masa wasu bakunan: kaka, gwaggo, kishiyar uwa, matan gida. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta raine shi da surutu. "Maigida, ka dawo? Ina cefanen? Yau ma hannu biyu ka shigo mini? To ni na fasa auren!" Tun bai iya amsawa ba har ya fara ramawa, yana shekara huɗu yana ce mata tsohuwa mai ƙwace masa tuwo. A wasan nan na kaka da jika ya koyi gatse, ya koyi gane maganar da ba a nufinta, ya koyi mayar da amsa nan take. Matsalar yau ita ce, amarya tana zaune gidan haya ita da miji a Birnin Kebbi, kaka tana ƙauye, amma an ɗauko kunyar an taho da ita. Yaro ya wuni a ɗaki da uwar da ke jin nauyin yi masa magana. In halinki kenan, ki yi kunyarki a gaban mutane, ba wanda ya hana. In kun shige ɗaki daga ke sai shi, ki saki bakinki.

Haka batun "yaro ba ya sa baki in manya suna magana". Ladabi ne, ni ma ina koya wa jikokina. Sai dai yaron da aka hana shi magana gaban baƙi, dole a ba shi wani lokacin da zai yi ta. In ya ce, "Inna, mine ne wanga?" sau goma a wuni, sau goman nan karatu yake nema. Wanda kika sani ki faɗa. Wanda ba ki sani ba ki ce, "Bari babanka ya dawo mu tambaye shi", kuma ki tuna ku tambaya. Yaran da ke ce mini "ba komai" a aji, yawancinsu sun taɓa zama masu tambaya, aka yi ta ce musu sun cika surutu har suka bari.

Da dare kuma ga tatsuniya, wadda wayar hannu ta kusa kashewa. Ki dawo da ita ko sau biyu a mako, amma da ɗan gyara. "Ga ta nan ga ta nanku", su ce "ta zo mu ji ta", ki ja labarin Gizo har daidai inda ya shiga tsaka mai wuya, sai ki tsaya. "To, in kai ne Gizo, ya za ka yi?" Ki saurari dabarar kowa kafin ki ci gaba. Ki tambaya, "Ƙoƙi ta san ƙarya yake mata?" Tambayar nan ƙarama ce a ido, amma tana sa yaro ya raba abin da shi ya sani da abin da wani ya sani, kuma sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yara ke fara iya wannan sosai. Washegari ki ce shi ya ba ƙaninsa labarin. Zai tsallake, zai haɗa tatsuniya biyu wuri guda, kar ki gyara sai in ya nemi taimako. Kacici-kacici kuwa ya fi komai wasa ƙwaƙwalwa. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Kafin yaro ya kai ga tsintsiya sai ya bi kayan gidan nan kaf a ransa yana gwadawa. In sun saba da amsawa, ki juya: su ƙirƙiro nasu, ke ki canka.

Wani abin da ake tsawata wa yara a kansa ba gaira ba dalili shi ne magana su kaɗai. Za ki ga yarinya tana tuwon ƙasa tana cewa, "Yanzu in sa ruwa... a'a ya yi yawa... bari in ƙara gari." Sai wata ta ce, "Ke da wa kike magana? A'uzubillahi!" Ba kowa ba ne, ita da kanta ce. Wani masani ɗan Siwizalan, Jean Piaget, ya ɗauka alamar ƙuruciya ce kawai da za ta wuce. Vygotsky ya ce a'a, maganar da manya suka yi ta yi mata ce take juyawa tana jagorantar kanta da ita, kuma wajen shekara bakwai sai ta koma ciki ta zama tunanin zuci. Ki kasa kunne wata rana, za ki ji muryarki ce sak a bakinta. In "bari mu sake gwadawa" kike yawan faɗa, shi za ki ji. In "ba ki iya komai ba" ne, shi ma za ki ji tana faɗa wa 'yartsanarta.

Batun lissafi, akwai binciken da aka buga a 1985 kan yara masu sayar da kaya a titunan garin Recife na ƙasar Birazil. Masu binciken suka je kamar masu saye, suna tambayar kuɗin kwakwa da sauran kaya da canji, yaran suka ba da amsa daidai kusan duka. Da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya a takarda, lamba zalla, ko rabi ba su ci ba. Ranar da na karanta wannan dariya na yi, don na ga irinsa a makarantarmu ba sau ɗaya ba. Yarinyar da ba a taɓa cutarta a cinikin ƙuliƙuli ba, ka rubuta mata 150 + 250 a allo ta tsaya tana zare ido. Ka ce, "Wani ya sayi na 150, wani na 250, nawa ke cikin gwangwaninki?" kafin ka rufe baki ta ce 400. Kar a ce Malama ta ce a ɗora wa yara talla. Na ga abin da talla ta yi wa 'yan mata da yawa, kuma ba na goyon bayan wadda ke hana yarinya aji ko ta kai ta dare a tasha. Abin ɗauka shi ne, in yaronki ya kasa lissafin makaranta, ki mayar masa da shi mudu da tiya da naira, in ya gane sai ku koma takarda.

Kuma ki yi duk wannan da harshen da kika fi iyawa. Ina ganin iyaye suna takura kansu da guntun Turanci, "kam", "sit dawun", suna ganin gata suke yi wa yaro. Hira mai daɗi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Dakarci, ko Fulatanci, ta fi umarni goma da Turancin da ba ya wuce kalma biyu. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka karantar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su.

Waya dai magana ɗaya ce: tana yi wa yaro magana, ba ta jiran amsarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. In ya zama dole ya kalla, ki zauna ku kalla tare kina tambayarsa.

Wata za ta ce, Malama, mu da muke neman na tuwo. Gaskiya ne, yunwa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba kuma hirar da za ta maye gurbin abinci. Amma a Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura ma'aikaciyar lafiya gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiye su, aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Iyayen nan talakawa ne kamar mu.

Maza kuma, kar ku ce wannan zancen mata ne. Ranar Asabar ka ɗauki yaro bayan mashin ku je fadama. Ka nuna masa yadda ake gane shinkafa ta nuna, ka bar shi ya riƙe tiyo in an tayar da injin ban ruwa, ka tambaye shi me ya sa ruwa ke bin wancan gefen ba wannan ba. In ka je sayen kifi ka bar shi ya ji yadda ake tayawa, ya bambance ƙarfasa da ragon ruwa. A hanyar dawowa ka ce ya shirya labarin da zai ba uwarsa.

Jikana na wajen autata shekararsa biyar, kuma tun da muka fara juya kacici-kacici ba ya barina in huta. Daren jiya ina shimfiɗa tabarma ya zo ya tsaya kaina. "Kaka, ƙulin ƙulifita." Na ce gauta. Ya ce, "Abu baƙi, yana cikin ruwa, yana da gashin baki." Na san tarwaɗa yake nufi, don ranar Juma'a ya tsugunna ya daɗe yana kallon wadda ake gyarawa a tsakar gida. Na yi kamar ina tunani, na ce, "Kakanka in ya shiga wanka." Alhaji daga ɗaki ya ce a bar shi ya ji da rediyonsa. Yaro ya faɗi ƙasa don dariya, ya tashi ya ce ban canka ba, in ba shi gari. Na ba shi Jega, ya ce ba ya so. Na ba shi Yawuri, ya ce nan ma a'a, ai can ma kifi ne, zan gane amsar. Sai da na ba shi Makka sannan ya yarda ya faɗa.